Daron Inna Habi

Duk wanda ya zo koyon ɗinki wurina, ranar farko ba ya taɓa keke. Daro nake nuna masa, wancan tsohon daron ƙarfe da ke ƙofar shago, wanda maƙeri ya yi wa faci har sau uku, in ce ya cika shi da ruwa ya jiƙa ƙyallaye. Nan da nan sai fuska ta canza. Akwai wanda ya koma gida ya ce wa ubansa an kai shi wurin tela an mai da shi ɗan wanki. Ku ma haka kuka yi, kada wanda ya musa, ina riƙe da fuskar kowa. A ganinku bargon haɗi shi ne aikin da ya fi kowane sauƙi: ka tsinci ƙyallen da wani ya yar, ka jera, ka taka keke, ka miƙa wa mai shi. To bari in gaya muku yadda daron nan ya shigo shagon nan, don ba saya na yi ba.

Na zo Kaduna ina saurayi, a shekarun da ake ta shirin karɓar mulki daga hannun Turawa. Kawuna ya damƙa ni ga Malam Bawa, wani tela Bazazzagi mai rumfa a Unguwar Shanu. Yawancin aikinmu kaki ne, wandon masinja da rigar ma'aikatan reluwe, sai 'yan riguna na akawuna. Ƙyallayen da ke faɗuwa ƙasa buhu-buhu muke tarawa, ba mu san abin da za mu yi da su ba. Wata rana kukun wani Bature ya kawo bargon uwargidan gidansu ya yage, a gyara. Malam ya yini yana juya shi. Ya farke gefe ɗaya ya leƙa, ya ga fuskar ƙananan ƙyallaye ce aka haɗa, tsakiya auduga, baya kuma shafi. Ya ɗago kai ya ce, "Ashe Turawa ma sun san babu." Daga ranar buhunan nan suka zama jari.

Bargon farko da na haɗa da hannuna na wani mai gadi ne daga Rigasa. Malam ya yanka mini kwalin sukari mai kusurwa huɗu, ya ce kowane ƙyalle sai an ɗora kwalin nan an zana da alli kafin almakashi ya shiga. Ya kuma liƙa ɗan guntun kwali a jikin keke, faɗin karan ashana biyu daga allura, ya ce bakin ƙyalle ya riƙa bin jikinsa. Ni kuwa na ga idona ya ishe ni. Abin da ban sani ba, in ka kauce da faɗin zare ɗaya a kowane ɗinki, kafin ka kai ƙyalle na ashirin ka kauce da yatsa guda. Da na haɗa layukan, babu kusurwar da ta gaisa da 'yar'uwarta, gefe ɗaya kuma ya ɗara ɗaya tsawo. Mai gadi ya ɗaga shi ya duba, ya ce aiki ya yi kyau, sai dai a nemo mai ƙafa ɗaya doguwa a ba shi.

Na wani malamin makaranta kuma da audugar rimi na cika shi, don ta fi taushi, na yi masa ɗinkin riƙo nesa-nesa don in gama da wuri. Bayan mako biyu audugar duk ta gudu ta taru a kusurwa ɗaya. Ya dawo ya ce bargo ya ce a yi masa, ga shi an ba shi matashin kai da labule. Tun daga nan tsohon gwado muke sawa a tsakiya, mu bi shi da ɗinki kusa-kusa.

A hankali hannu ya faɗa. Na koyi cewa ƙyallen da aka yanka a karkace ba a jansa, sai ya miƙe ya ƙi komawa, keke kake bari ya ja abinsa. Na koyi kwantar da bakin ɗinki da dutsen guga na gawayi, kullum zuwa wajen ƙyalle mai duhu don kada ya nuna ta cikin fari. Na koyi tura ƙyallaye biyu-biyu a jere ba tare da yanke zare ba, su riƙa zubowa ta bayan keke sarƙe da juna, sai an gama a bi da almakashi a raba. Wannan ne ya ba ni sauri, saurin kuma ya ba ni suna. Mutanen layinmu Sani Guguwa suke ce mini, ni kuma sunan ya hau mini kai.

Doka ɗaya ce ta Malam da ban taɓa yarda da ita a zuciyata ba. Duk ƙyallen da zai shiga bargo sai an jiƙa shi, ya bushe, an goge, kafin a yanka. Dalilinsa biyu. Sabon akoko, farin yadin nan na kanti, yana tsukewa in ya ji ruwa, tsohon yadi kuwa ya gama tsukewarsa tuntuni, to in ka haɗa su a bushe ranar wanki za su yi faɗa. Na biyu, rini yana zuba. A tsohuwar tukunya muke jiƙon a lokacin, kuma ni ke yi, ina yi ina ƙunƙuni.

Sai ga shekarar da ta ba mu wuya. Aka zubo tsofaffin bargunan soja a gwanjo, masu kauri, masu araha, kowa ya ruga can. Wata uku ba wanda ya leƙo rumfarmu da zancen bargo. Da damina ta kankama Malam ya ce zai tafi Zariya ya duba gona, tun da allura ta ƙi ciyar da mutum biyu. Ya bar mini keke da mabuɗi. Har ya ɗauki jakarsa ya juyo ya ce, "Sani, in aiki ya zo, a jiƙa." Na ce to, Malam.

Aikin ya zo ranar wata Laraba cikin Agusta. Wata tsohuwa ce ta tsaya a bakin rumfa da ƙunshi a hammata, lulluɓe da wani mayafi ruwan ƙasa da ya ga shekaru. Inna Habi ake ce mata, daga Unguwar Kanawa.

"Kai ne mai haɗa bargo?"

"Ni ne, Inna."

"Ina babban?"

"Ya tafi Zariya. Amma ai hannun ɗaya ne."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah ya sa."

Ta kwance ƙunshin. Babbar rigar saƙi ce, saƙar hannu, da baƙin rawani turkuɗi mai sheƙi. Ta ce na marigayi maigidanta ne, su kaɗai suka rage a cikin kayansa.

"Akawun nan na gidana gwamnati za ta tura Ingila karatu. An ce sanyin can har ruwan buta yake daskarewa. Ina so ka haɗa masa bargo da waɗannan."

"Wane akawu, Inna? Ɗanki ne?"

Ta kau da kai ta ce, "Wani dai da ke gidan."

Nan na gane ɗan fari ne. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, iyayenku mata har sunan gayu suke kiranku da shi. A lokacinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Na ma san shi, Malam Isa, dogon akawun sakatariya da ke wucewa ta gabanmu a kan basukur, wato keken hawa.

Ta ciro wata igiya mai ƙulli ta miƙo mini. Tsawonsa ne. Ba ta iya tambayarsa ba, sai ta auna gadonsa yana wurin aiki.

"Dogo ne, irin ubansa. Kada ƙafarsa ta leƙo. Jirgin ƙasan Ikko ranar Alhamis ta sama zai tashi, daga can ya shiga na ruwa. Kuma ka sani, ɗan nan, rigar nan ba ta da 'yar'uwa. In ka sa mata almakashi ka sa."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ta zo wurin da ya dace.

Rigar da rawanin ba za su kai tsawon igiyar ba, don haka na sayo sabon akoko in riƙa sa fari tsakanin baƙi. Na dubi akokon, na dubi tukunyar jiƙo, na dubi sama. Kwana uku ke nan ba a ga rana ba. Sai na yi wa kaina wayo, na ce ai Ingila bargon nan za shi, wa zai wanke bargo a ƙasar da ruwa ke daskarewa? Na ɗora kwali na fara yanka. Kafin azahar yatsuna duk sun yi shuɗi saboda rawanin, turkuɗin da bai taɓa ganin ruwa ba. Hannuna yana gaya mini gaskiya, ni kuwa ina goge shi a wando ina taka keke.

Ran Lahadi na gama, kuma sai na faɗi, ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba. Layi ashirin, kowace kusurwa ta zauna daram, baƙi da fari da saƙi a jere. Na rataye shi a gaban rumfa mutane suna tsayawa kallo. Inna Habi ta zo ta gwada igiyarta, ta yi daidai. Ta kai shi hancinta ta ce yana warin man keke, ta naɗe ta tafi.

Ran Talata da safe ana yayyafi na hango ta tafe da daro a ka. Tun daga Unguwar Kanawa ta ɗauko shi. Na ruga na sauke mata.

"Tela, zo ka ga aikinka."

Na ɗaga bargon yana ɗiga. Farin nan duk ya tafi, baƙin rawani ya malala a kansa dabbare-dabbare. Akokon ya tsuke ya tattare komai, bargon ya lotsa a tsakiya kamar kwando. Abin da ya fi tayar mini da hankali, inda akoko ya ja da ƙarfi saƙin ya fara zarewa daga bakin ɗinki. Rigar mutumin da ya mutu, ga ta tana warwarewa a hannuna, saura kwana biyu jirgi ya tashi.

Don rashin abin faɗi na ce, "Inna, wanke shi kika yi?"

"A'a, lasa na yi. Kayan da zai ƙetare teku sai in sa shi a akwati da warin mai da hannun mutanen kasuwa?"

Na ji tsoro, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na durƙusa na gaya mata gaskiya, cewa akwai abin da aka koya mini na ƙi yi. Na jira ta tara mini mutane. Ta kalli saƙin, ta shafa wurin da ya zare da babban yatsa.

"Malam Isa ya gani?" na tambaya.

"Bai gani ba, kuma ba zai gani ba. Kana da reza biyu?"

Ta shimfiɗa tabarma a cikin rumfa ta zauna. Ku da kuke cewa ɗinki ne aiki, ku jira ranar da za ku farke abin da kuka ɗinka. Abin da keke ya yi a ƙiftawar ido, reza sai ta bi shi zare-zare, ga yadi a jiƙe, in ka matsa ka yanki saƙi. Ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi samun sauƙi. Can dai ta ce, "Ɗinkinka da ƙarfi, ba laifi. Hankalin ne bai kama ba tukuna."

Da muka raba ƙyallayen na ce zan sayo wani akoko, tun da wannan ya ɓaci. Ta ce in bar shi, ai wannan ya riga ya gama tsukewarsa, shi ne mai amfani. Ashe 'yar gidan marina ce a Kano. Ta sa na cika daron nan da ruwa, ta jefa 'yar guntuwar jelar rawanin da ta rage a ciki ta matse ta har ruwan ya yi duhu, sannan ta zuba akokon duka tana juyawa da hannu. Tabon ya baje, kowane ƙyalle ya fito launi ɗaya, shuɗi mai haske. Allah ya taimake mu rana ta leƙo bayan la'asar, muka baza su a kan rufin kwano, abin da ya rage na busar da dutsen guga. Gwadon tsakiya ya ƙi bushewa, na ɗauko nawa na kwana, wanda ya sha wanki, na ajiye a madadinsa.

Ran Laraba na sake yanka kwali, ƙarami a kan na farko, don akoko ya ragu kuma bakin saƙi sai an datse inda ya zare. Na bi ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya ina zanawa ina datsewa, Inna Habi tana jera su a tabarma. Ran nan Guguwa ba ta tashi ba. A hankali na taka, bakin ƙyalle yana bin kwalin Malam kamar yadda aka koya mini tun farko. Da la'asar fuskar bargon ta haɗu, muka shimfiɗa.

Ta ɗauko igiyarta ta gwada. Ƙullin ya wuce bakin bargo da kusan kamu ɗaya. Ɗan abin da na datse a kowane ƙyalle, da ya taru sau ashirin, shi ne ya cinye tsawon. Na kwanta a kai in nuna mata ai ya isa mutum.

"Kai ai gajere ne," in ji ta. "Tashi."

Saƙi ya ƙare, rawani ya ƙare, sama kuma ta sake haɗowa. Akwai ragowar sabon akoko a kan teburi, wanda bai ga ruwa ba. Wallahi sai na ga hannuna ya miƙa wajensa. Kallona kawai ta yi, na janye hannun na sa a aljihu.

Sai ta cire mayafin da ke kanta, ta kakkaɓe shi, ta miƙo mini.

"Ungo. Wannan ya shekara ashirin yana shan wanki, ba sauran inda zai tsuke."

"Inna, da me za ki koma gida?"

"Ba ni wancan marar jin maganar, ni zan koya masa wanka." Ta ɗauki sabon akokon ta yafa.

Na ninka mayafin na kai shi gefen da ke kusa da ni zan haɗa. Ta ce ba nan ba, wajen kai. Na ce ai bargo ba shi da kai da ƙafa. Ta ce, "Yanzu ya samu." Ta faɗa tana kallon titi, kamar zancen bai dame ta ba.

Da safiyar Alhamis na gama ɗinkin riƙo na naɗe baki, ta zo ta karɓa tun kafin hantsi ya ɗaga. Na ɗauko daron zan ɗora mata, ta ce in bar shi nan, na fi ta buƙatarsa. Da Malam Bawa ya dawo daga Zariya ya ga daro a ƙofa, ya ga shuɗi a ƙarƙashin farcena da ya ƙi fita, tambaya ɗaya ya yi: "An jiƙa?" Na ce an jiƙa, Malam, har sau biyu.

Inna Habi takan biyo ta layinmu in za ta kasuwa, ta leƙa daron ta ga ko da ruwa a ciki, ta wuce. A damina ta biyu Allah ya yi mata rasuwa, saura 'yan watanni ɗanta ya dawo. Da ni aka kai ta.

Bayan ya dawo ya huta, Malam Isa ya zo rumfa da kansa, ya jingine basukur ya zauna a benci. Na yi masa ta'aziyya. Ya ce bargon nan ya yi masa rana, har abokan karatunsa suna tambayar inda ake sayar da irinsa.

"Amma godiyar da ta kawo ni ta mayafin ce," in ji shi. "Inna ta aiko ƙanwata ta gaya mini cewa kai ka matsa sai an sa shi, ita ba ta so ba. Ta ce telan nan taurin kai gare shi. Ban san ta yaya ka san abin da mutum zai buƙata a can ba."

Da na so, da na karɓi yabon nan na yi shiru, don ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Amma sai na ga ba ni kaɗai ta ɓoye a cikin maganar ba, har da kanta, kuma wannan ba hakkina ba ne in riƙe.

Na ce, "Malam Isa, ni ɓata aiki na yi, bargo ya gajarce. Mayafin ita ta cire shi daga kanta, a nan inda kake zaune. Zan haɗa shi a wancan gefe ta hana ni, ta ce wajen kai."

Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya faɗa kan daron.

"Wannan ai na gidanmu ne. A ciki aka yi mini wanka ina jariri."

Na miƙe zan zubar da ruwan in ba shi abinsa. Ya riƙe hannuna ya ce ita ta ba ni, in bar shi inda ta ajiye. Sannan ya ce, a hankali, "Shekara talatin ban taɓa jin sunana a bakinta ba." Ya ɗauki basukur ɗinsa, bai hau ba, ya tura shi har ya sha kwana.

To, kai mai sabon agogo, na ga tun ɗazu idonka na kan keke. Zai jira ka. Ɗauki daron da hannu biyu, gindinsa ba ƙarfi, famfo yana bayan shago.